Rigar Sale Marar Aljihu

Da kakar bana ƙanena Sale ya cika shekara tara a ƙasa. Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Ban saba kawo sha'anin gidanmu jarida ba, kuma da an bar ni da halina, da na yi masa addu'a, na raba wa maƙwabta waina sadaka, na ja bakina na yi shiru kamar kowace shekara. Abin da ya tayar da ni shi ne, a 'yan watannin nan masoyan Sale sun yi yawa. Mutanen da ba su taɓa taka Yasore ba, ba su san ko dogo ne ko gajere ba, sun fara kiransa “marigayi maigidanmu”. Ni kuwa aikin malamin gona na yi har na yi ritaya, na zagaye ƙauyukan Batsari da Safana a kan babur, na ga irin mutane kala-kala. Duk baƙon da ya fara yabon naka fiye da yadda kai kake yabonsa, ni dai ba na sakin jiki da shi.

Ga wanda bai san shi ba, Sale tela ne. Kekensa na ɗinki yana wani ɗan shago a bakin hanya a Yasore, da damina kuma ya noma 'yar gonar da ya gada, wadda ba ta kai rabin tawa ba. Amma ba da ɗinki aka san shi ba. Ɗinkin ma, Allah ya gafarta masa, ba wani abin a zo a gani ba ne. Wando ɗaya ya taɓa yi mini, ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, da na yi magana ya ce ƙafata ce ba daidai ba. Jita ce ta fito da shi. Ya koye ta ne a Darini wurin wani manomi, Malam Istifanus, ɗaya daga cikin 'yan uwanmu Hausawa Kirista, wanda yake kaɗa musu a coci ranar Lahadi. Tun Sale yana koyon ɗinki aka aike shi ya kai masa riga, ya tarar da shi yana kaɗawa a gindin ɗorawa, shi ke nan ƙafarsa ta koyi hanyar Darini. Da Istifanus ya samu sabuwar jita, sai ya ba shi tsohuwar kyauta.

Ranar da ya shigo da ita gida ina nan. Tsohonmu yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya, ya ɗaga kai ya dubi abin ya daɗe, sannan ya ce, “Sale, mu manoma ne. Tun kakanninmu ba a taɓa yin maroƙi a gidan nan ba. Ka kaɗa abinka in ranka yana so, ban hana ka ba. Amma ranar da hannunka ya karɓi ko anini saboda wannan katako, ka nemi wani uban.” Sale ya durƙusa ya ce ya ji.

'Yan birni na yanzu za su ce wannan wace irin magana ce. To, a wurinmu haka abin yake. Ba kiɗan ake dubawa ba, hannu ake dubawa. Wanda ya kaɗa ya tashi, mai sha'awa ne. Wanda ya kaɗa ya miƙa hannu, ya shiga wani gida daban, gidan da ke da nasa mutanen da nasa gadon. Mukan ce ba raini ba ne, amma ka je neman aure ka ji irin tambayar da za a yi a kanka.

Sai dai mutanenmu suna da wani hali. In kiɗa ya ratsa su, hannunsu ba ya shawara da su, sai ya tafi aljihu ya ciro ya cusa wa makaɗi a aljihun gaba. Sale ya ga in bai yi dabara ba, wata rana zai koma gida da abin da zai raba shi da ubansa. Sai ya zauna ya ɗinka wa kansa wata shuɗiyar riga da ba ta da aljihu ko ɗaya, ba a gaba, ba a gefe. Ita kaɗai yake sawa in zai kaɗa. Da wani ya taɓa jefa masa kwabo a cikin ramin jitar, ya yanko ƙyallen gidan sauro ya liƙe bakin. Hularsa ma cirewa yake ya zauna a kanta, kada a ce an zuba masa a ciki. Mutane suka mayar da abin wasa, in an ga shuɗiyar riga ta fito bayan la'asar, sai a ce yau Sale ya sa rigar girman kai.

Bai taɓa wasa kowa ba. Ba ya kiran sunan mai kuɗi, ba ya kirarin mai sarauta, yawanci ma ba ya waƙa, bakinsa a rufe yake, yatsunsa ne ke magana. Yakan kaɗa a ƙofar shago, yakan kaɗa wa 'yan gayya in sun zauna shan fura a bakin gona, in kuma ya ji wani yana kwance ba lafiya, sai ya je ya zauna a zaure ya kaɗa masa a hankali ya tashi. In tsirkiya ta tsinke, wayar birkin keke yake warwarewa ya ɗaura. Ni ba ma'abocin kiɗa ba ne, amma akwai wani sautinsa guda da in ya fara, ko faɗa nake da mutum sai na manta inda na tsaya.

Sau ɗaya aka karya masa doka. Wani falken shanu daga Zakka, Alhaji Mamman, ya biyo ta Yasore ranar wani suna, ya tsaya ya saurara, abin ya kai masa ko'ina. Ya nemi aljihu bai samu ba, sai ya liƙa wa Sale takardar kuɗi a goshi a gaban jama'a. Sale ya tsayar da kiɗan cak. Bai taɓa takardar ba, ya sunkuyar da kai ta faɗi ƙasa, ya ɗauki jitarsa ya wuce gida. Damina guda cur ba a ƙara jin sautinsa ba. Daga nan kowa ya shiga taitayinsa, ba wanda ya ƙara gwadawa. Ni kuwa duk inda na zauna a wurin aiki sai na ba da labarin, ina alfahari da ƙanena. Har bayan rasuwar tsohonmu Sale bai canza ba.

Ciwon hanta ne ya ɗauke shi, bai kai hamsin ba. Ana gobe zai cika ya ce mini, “Yaya, jitar nan ta zauna wurinka.” Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Na naɗe ta a cikin bargo na ɗora a kan sif, na kuma fassara maganar da kaina: ya ba ni ne don kada ta faɗa hannun wanda zai ci abinci da ita.

Abin da ya biyo baya a yankinmu ba sai na faɗa wa kowa ba. 'Yan bindiga suka mayar da zuwa gona kasada, muka kwaso iyali muka dawo cikin garin Batsari. Matar Sale, Hajara, tana ɗakin haya da 'ya'yanta, tana taɓa ɗinkin mata da keken mijinta. Gonar tana can ta zama fagen ciyawa. Babban ɗansu Hamza, wanda yake ɗan shekara goma sha huɗu da uban ya rasu, yanzu saurayi ne da gemu. Ya yi dako a kasuwa, ya yi acaba da babur ɗin wani, mai babur ya karɓe abinsa. Ashe duk wannan lokaci yana zuwa wurin jikan Istifanus yana aron jita yana koyo, ni ban sani ba. Sai da wani ya miƙo mini waya a majalisa ya ce, “Malam, wannan ba ɗanka ba ne?” Na duba, na ga Hamza a zaune a kan benci yana kaɗa wannan sautin na ubansa. Raina ya ɓaci, don na san hoton da ya shiga waya ba ya tafiya shi kaɗai, sai ya jawo wani.

Ya kuwa jawo. Ba a daɗe ba wata mota ta tsaya a ƙofar gidana, wani matashi ya fito daga Katsina, sunansa Rabe, amma ya ce a riƙa ce masa Manaja. Yana da ɗakin ɗaukar waƙa, yana kuma haɗa makaɗa da masu biki. Gaisuwarsa ta yi tsawo har ta wuce misali, ya tambayi lafiyar mutanen da ba ni da su. Ya ce tun yana yaro yake jin marigayi, kiɗansa ne ya sa shi shiga wannan harka.

Na ce, “A ina ka ji shi?”

Ya ce, “A bukukuwa mana, Baba. Ai ba bikin manya da ake yi a ƙasar nan ba da shi ba.”

Sale bai taɓa kaɗa wa bikin manya ba, ko na ƙanana sai in na maƙwabci ne. Ban gyara masa ba, na bar shi ya ci gaba, don ina son in ga iyakar igiyarsa. Ya ce yana son ya shirya taron tunawa da marigayi a babban ɗakin taro, a naɗa masa suna Sarkin Jita, a ɗora jitarsa a kan tebur jama'a su gani, Hamza ya kaɗa, daga nan kuma shi zai riƙe yaron ya nema masa wuraren biki da tarurrukan 'yan siyasa. Duk maganar da yake, Hamza yana tsugune a gefe, amma Manaja bai dube shi ba ko sau ɗaya. Idonsa yana kan ƙofar ɗakina. Da zai tafi ya ce ko zan bari ya ɗauki jitar ya kai a gyara ta a Katsina, kwana biyu ya dawo da ita. Na ce masa lafiyarta ƙalau, na gode. Na san irin wannan gyaran, injin ban ruwa na gwamnati ma haka aka kai shi gyara ina aiki, har na yi ritaya bai dawo ba.

Da motar ta tashi, Hamza ya matso ya ce, “Baffa, ni ba taron nake so ba. Jitar nake so, da izininka. Ba ni da gona, ba ni da babur, wannan ne kaɗai abin da na iya.”

Na ce masa ubansa ya iya fiye da shi, kuma bai taɓa cin ƙwayar hatsi ɗaya da ita ba. Na ce muddin ina numfashi, jitar Sale ba za ta shiga fagen liƙi ba. Bai yi musu ba, ya ce Allah ya huci zuciyata, ya tashi. Na bi shi da kallo ina zarginsa shi ma, ina cewa a raina sun haɗa baki ne da mutumin, ɗaya ya zo da zaƙin baki, ɗaya ya zo da ban tausayi.

Bayan 'yan kwanaki uwargidana ta ce mini Hajara tana tsakar gida tana son magana da ni. Abin ya ba ni mamaki. Ni wan mijinta ne, a wurinmu kamar suruki nake gare ta. Tun da aka kawo ta gidanmu, bayan gaisuwa ba ta taɓa haɗa zance mai tsawo da ni ba, in da saƙo ta bakin uwargidana yake biyowa. Ta durƙusa can nesa kusa da randa, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, muka gaisa. Ba ta kama sunan Hamza ba, ɗan fari ne.

Ta ce, “Yaya, ka gafarce ni, an ce ka ce wa yaron nan mahaifinsa bai taɓa cin hatsi da jita ba.”

Na ce haka ne.

Sai ta ce, “Yaya, kai malamin gona ne. Gonar nan tamu, a ganinka za ta iya cika rumbun nan namu?”

Wallahi tambayar ta shige ni. Na san gonar taku-taku, jigawa ce, ko an yi damina mai kyau ba ta wuce ta kai gida tsakiyar rani ba. Rumbun Sale kuwa ban taɓa ganin ya ƙare kafin sabon hatsi ba. Shekara da shekaru ina wucewa ta gabansa, ina cewa ɗinki ne ke cikawa, alhali ni na san irin ɗinkin.

Ta ce tun shekarar da aka liƙa masa kuɗi ya daina kiɗa aka fara. Ranar kasuwa, in ya tafi sayen yadi, sai ta ga jaki a ƙofar gida da damin gero, a ce gidan wane ne suka ce a dama wa yara kunu. Wata mace ta shigo da ƙwaryar wake, wata da gyaɗa, Fulanin rugar gabas su aiko da nono da man shanu. Kowa da irin dalilinsa, ba mai ambaton kiɗa. Amma ita ta lura: gidan da ya kaɗa wa 'yan gayyarsu, su ne masu dami. Gidan da ya zauna wa majinyacinsu, su ne masu ƙwarya. Ba a taɓa kawowa yana gida ba, ba a taɓa ba shi a hannu ba, kuma ba wanda ya taɓa jiran godiya.

Na ce, “Shi ya sani?”

Ta ce, “Bai taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa faɗa masa ba. Sau ɗaya dai ya buɗe rumbu ya leƙa, ya juyo ya ce, gonar nan tamu akwai albarka. Ya yi dariya, ni ma na yi. Shi ke nan.”

Kada mai karatu ya ɗauka na yarda nan take. Mace ce da ke ɗakin haya, ga 'ya'ya, ga ɗanta yana son sana'a, ga maganar ta zo daidai lokacin da ake bukatarta. Shekara tara tana ina? Na kwana biyu ina juya abin, sannan na hau mota na tafi Safana, don na ji Alhaji Mamman na Zakka ya koma can wurin 'yarsa tun da aka kore masa shanu. Na same shi a kan tabarma, ya tsufa, ido ya yi rauni. Ban gaya masa abin da Hajara ta ce ba. Na dai kawo zancen ranar sunan nan, na ce ko yana tunawa.

Ya ce, “Ina tunawa mana, ai na kunyata yaron nan, na kunyata kaina. Dattawan garinku suka kira ni suka ce, Alhaji, ba haka ake yi ba. In kana son ka yi masa alheri, ga hanya. Ni na fara aika dami, da jakin wani ma na aika don kada a gane nawa ne.” Ya juyo da fuskarsa wajena ya ce, “Kai ba ka sani ba? Ai na ɗauka da kai aka shirya. Tsohonku ma ya sani, yana wurin.”

Tsohonmu yana wurin. Mutumin da ya ce a nemi wani uba. A mota ina dawowa na riƙa jera su ɗaya bayan ɗaya, tsohonmu, dattawan Yasore, matan gari, Hajara, Fulanin ruga, kowa ya sani, kowa ya riƙe bakinsa. Gari guda ya haɗu ya biya makaɗinsa, ya kuma bar masa sunansa na ɗan manoma. Ni kaɗai aka bari ina yawo da labari a ofis, watakila don an san bakina ba ya riƙe magana. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Har Salen na zarga. Wannan rigar marar aljihu, tsoron uba ne, ko kuwa wayo ne na wanda ya san aljihunsa rumbu ne a cikin gida, an yi masa jinka? Na kasa yanke hukunci, kuma wanda zan tambaya yana ƙasa.

Tun daga ranar nake tambayar kaina abin da Sale zai ce da ya ga yau. Da ya ga yara suna kaɗawa don waya ta ɗauka, na san zai yi tsaki. Da ya ji an ce za a naɗa shi sarkin wani abu a ɗakin taro, da ya zauna a kan hularsa ya ƙi tashi. Manaja kuwa ko ruwa ba na jin zai ba shi. Amma ɗansa fa? Abin da ya rufa wa Sale asiri ba rigar ba ce, mutanen Yasore ne da rumbunansu. Yau mutanen sun watse, wasu suna Batsari, wasu Katsina, wasu sun riga mu gidan gaskiya, masu damin da kansu awo suke yi da kwano. Ba mai jakin da zai tsaya a ƙofar Hajara ranar kasuwa. Alherin yanzu ma ta waya yake zuwa, da sunan mai bayarwa a rubuce, ba yadda za a yi a ce ba a sani ba. In na ce Hamza ya yi irin na ubansa, na ce ne ya kaɗa kyauta ya kwana da yunwa, abin da ubansa bai taɓa yi ba.

Maganar nan ta ƙarshe kuma, “ta zauna wurinka”, na sake juya ta. Bai ce in ɓoye ba, bai ce in hana ba. Yaron yana ɗan shekara goma sha huɗu a lokacin. Mai yiwuwa ajiya ya ba ni, ni na mayar da ita ɗauri.

Na kira Hamza na sauko da jitar daga kan sif. Na ce ga ta, amma da sharaɗi. Ba taron tunawa, ba naɗin sarauta, jitar ba za ta kwana a hannun kowa ba sai nasa, kuma ba zai wasa ɗan siyasa da sautin ubansa ba. In Manaja ya samo masa biki, ya je ya kaɗa a sallame shi a gaban mai bikin, ba a bayan mota ba. Manaja da ya ji, ya bugo mini waya yana cewa ina tauye wa yaro arziki. Da ya tabbatar jitar ba za ta hau teburinsa ba, zafin son marigayi ya ragu ƙwarai, yanzu sai a yi sati bai kira ba. Wannan bai ba ni mamaki ba.

Bikin farko ba ma shi ya samo ba, wani malamin asibiti ne a Safana yake aurar da ƙanensa ya aiko. Na ce zan je. Uwargidana ta ce me tsoho zai yi a wurin kiɗa, na ce ido zan sa. Muka isa bayan la'asar, aka ba ni kujera a gefe. Hamza ya shiga wani ɗaki ya canza kaya, ya fito. Shuɗiyar rigar ce a jikinsa, ta koɗe, ta ɗan yi masa gajarta. A ƙirjinta kuwa ga aljihu, sabo fil, Hajara ta ɗinka da keken mijinta. Ba ta ma samu shuɗin da ya dace ba, ya fi rigar duhu, ana hango shi daga nesa. Na gane ba kuskure ba ne, so take a gani.

Ya zauna ya fara. Da ya kai kan sautin nan, wani dattijo ya taso ya cusa masa kuɗi a aljihun. Na zuba wa yatsunsa ido ina jiran su tsaya, kamar yadda na ga na ubansa sun tsaya. Ba su tsaya ba. Ya ɗan sunkuyar da kai alamar godiya ya ci gaba. Baƙin ciki da sauƙi suka haɗe mini, na juya ina gyara hulata don kada a ga idona. Hannuna ya tafi aljihu shi ma, na mayar da shi. Ɗan tsohonmu ne ni, ba zan iya liƙa wa ɗana kuɗi a bainar jama'a ba.

Ranar kasuwa na sayi gero, na bari sai da na tabbatar Hamza ya fita, na ba uwargidana a ƙwarya na ce ta kai wa Hajara, ta ce a dama wa yara kunu. Na ja mata kunne kada ta ƙara ko kalma ɗaya. Na ɗauka magana ta ƙare, kamar yadda take ƙarewa a Yasore.

Da yamma ina zaune a ƙofar gida sai ga Hamza da ƙwaryar a hannu, an wanke ta. Ya durƙusa ya ajiye a gabana.

Na ce, “Wannan fa? Ta mata ce, kai musu ciki.”

Ya ce, “Baffa, na zo godiya ne. Na san na kiɗan Safana ne.”

Na ɗaure fuska na ce wa ya gaya masa, kunun yara ne. Ya ce ba wanda ya gaya masa, kuma shi in an biya shi yana so ya sani, ya kuma gode. Shekara da shekaru gari guda yana kai wa ubansa, ba a taɓa furta wannan kalma ba, shi ya furta ta a ƙwaryar farko.

To, me ya rage na Sale bayan shekara tara? Shagon ya rushe, gonar ba ta shiguwa, labarin da na daɗe ina bayarwa a kansa ya zama rabin labari. Sautin nan dai yana nan, na ji shi da kunnena a Safana bai ragu da komai ba. Rigar tana nan, an ƙara mata abin da mai ita ya ƙi. Ban san ko zai yafe wa Hajara wannan aljihun ba, ban kuma san ko zai yafe mini wannan rubutun ba, don na tona abin da gari guda ya rufe. Na yi ne saboda masu zuwa da mota su san cewa Sale yana da masu shi, kuma sun riga sun biya shi tun yana da rai, ba sa bukatar ɗakin taro.

Manaja, in kana karanta wannan, idona yana kanka. Kai kuma Sale, Allah ya sa ka huta. Na ɗauki ƙwaryar na shiga da ita ciki da kaina, na ce wa uwargidana ta ajiye ta kusa, akwai wani biki a Batsari bayan salla.